Yadda Dakta Sauro Ya Warke

Layinmu ya yi shekaru yana da mahaukaci guda ɗaya, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa zuwa aiki a kan lokaci. Ba ya jifa, ba ya tsince-tsince a bola, rigarsa kullum a goge take. Haukansa na ilimi ne, irin wanda ake cewa boko ya yi wa mutum yawa har ya taɓa shi. Dakta Sauro ake ce masa, kuma in an kira shi haka yana amsawa.

Mai askin bakin layi ne ya fi kowa sanin halin masana kimiyya, domin akwai talabijin a shagonsa. A finafinan da yake kunna wa masu jira, masani mutum ne mai farar riga da gashi a tsaitsaye, yana zuba koren ruwa a cikin ja, hayaƙi na tashi, yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Dakta ba shi da gashin da zai tsaya, tun yana saurayi sanƙo ya cinye masa kai, kuma ba wanda ya taɓa jiyo dariyarsa daga waje. Wannan bai dami mai aski ba.

"Ai masu shiru-shirun nan sun fi haɗari," in ji shi. "Mai dariya ka san inda ya dosa."

Dakta ɗan mai gyaran agogo ne. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, yayarsa ce ta goya shi, ta yi masa wanka, ta raka shi makaranta da bulala. A shagon ubansa ya koyi abu ɗaya da ya rayu da shi, wato zama ba motsi, hannu a wuri guda, numfashi a hankali. Ya yi karatu har inda karatu ya ƙare, ya kama aiki a wata cibiyar bincike da ke bayan gari, aka ba shi wani ɗaki mai ɗumi da laima, wanda tagoginsa duk an toshe su. A ɗakin ya gaji sauro.

Gado ne na gaske. Malaminsa, wani tsoho da ya riga ya rasu, shi ya kamo kakanninsu a wani daji da feshi bai taɓa kaiwa ba, ya raine su a keji, suka yi ta haihuwa. Darajarsu ita ce ba su san magani ba. Sauron gari ya sha feshi ya saba, wani har ƙiba yake yi da shi. Waɗannan kuwa ko warin magani suka ji sai su zube. Saboda haka duk sabon maganin feshi ko gidan sauro da aka kawo, a kansu ake fara gwadawa. In bai kashe su ba, ruwa ne aka zuba a gwangwani. In ya kashe su amma bai kashe na gari ba, an san na gari ya yi taurin kai. Su ne ma'auni, kuma babu irinsu a wani wuri da Dakta ya sani.

Matsalar ita ce ƙwan irin wannan sauro ba ya ajiyuwa. In ya bushe ya mutu. Dole a yi ta juyawa: ƙwai a kan jiƙaƙƙiyar takarda, tsutsotsi a farantan ruwa, manya a keji, sannan jini, sannan ƙwai kuma. Mazan ruwan sukari a auduga ya ishe su, matan kuwa ba sa yin ƙwai sai sun sha jini. An taɓa sayo wata na'ura mai ɗumama jini, ta lalace, aka rubuta a kawo kayan gyaranta, har yau suna hanya. An gwada zomo, suka ƙi shi. Sai Dakta ya ci gaba da abin da malaminsa yake yi. Da yamma yakan naɗe hannun riga, ya zura hannunsa cikin keji, ya rufa baƙin ƙyalle a kai, ya zauna har su ƙoshi. Sauron kejin ba su ɗauke da cuta, shi ma yana gwada jininsa kafin ya ba su. Ya yi wa mutane wannan bayani sau da yawa. Sukan saurara har ƙarshe, su gyaɗa kai, su ce Allah ya sawwaƙe.

A cibiyar ba a ɗauke shi wani abin kallo ba. Abokinsa na ɗakin kusa, wanda ake kira Farfesan Kaska, yana yawo da kaska a kwalba cikin aljihun gaban rigarsa don ɗumin jiki. A can Dakta yana cikin masu hankali.

Matarsa tela ce, Mai Keke ake ce mata. Ita ta ɗinka duk hannayen ragar da ake zura hannu ta cikinsu a kejin, kuma ita ta kafa dokar gidan. Ba turare, ba sabulu mai ƙamshi, ba maganin sauro na feshi ko na kunnawa, domin abin da ya taɓa fatar Dakta ya taɓa gadon. Da raga suke kwana su da 'yarsu tilo, wadda ta girma ta zama nas, sunan ya bi ta har gida. In baƙuwa ta shigo tana ƙamshi, a tsakar gida Mai Keke take shimfiɗa mata tabarma, ta ce ɗaki da zafi. In an tambaye ta yadda take zama da mutum irin wannan, sai ta ce, "Mazan wasu a waje ake shan jininsu, ba su san ma wa ya sha ba. Nawa ya san su, yana da su a keji."

Shekarar da abin ya faru, ma'aikatan cibiyar suka shiga yajin aiki. Aka rufe ƙofa, aka kashe janareta, aka sa kwaɗo. Dakta yana goyon bayan yajin, amma sauro ba sa cikin ƙungiya. Ya ɗauko motar haya, ya kwaso kejin da farantan, ya jera su a ɗakin baya na gidansa, inda Mai Keke take ajiye yadi. Ta kwashe yadin, ta rataya jiƙaƙƙun tawul don laima, ta kulle ɗakin, ta haɗa makullin da sauran makullan gida a bakin zaninta. Yajin ya yi ta ja. Kullum da yamma in ya fito yana sauke hannun riga, sai ta ce, "Malam, 'ya'yanka sun ci, kai ma zo ka ci."

Wata safiya tana kan keke ta ce kanta ya yi nauyi, ta kifa goshi a kan ɗinkin. Nas ta ce hawan jini ne, ya daɗe yana binta tana ɓoyewa. Ba a kai ga asibiti ba ta cika.

Yaya ta iso kafin a ɗauki gawa. Tsohuwa ce mai ƙarfi, wadda ba ta iya ganin gida ba mai riƙo. Ta karɓi makullan daga hannun matan da suka yi wa mamaciya wanka, ta ɗaura a nata zanin, ta fara raba aiki. Yaya ta san sauro ita ma, ta wata hanyar. Ɗanta na fari zazzaɓin cizon sauro ne ya ɗauke shi yana goye a bayanta, kuma tun daga lokacin ba ta zuwa ko'ina sai da gwangwanin feshi a jaka.

Da aka dawo daga binnewa, Dakta ya zauna a ƙofar gida cikin maza. Ana yi masa gaisuwa yana amsawa daidai, ba ƙari ba ragi. Bai yi kuka ba. Rana ta yi sanyi, ya duba agogon ubansa da ke hannunsa, ya miƙe, ya ce a yi masa uzuri. Ya shiga ciki ya sami Yaya a bakin murhu.

"Yaya, ba ni makullin ɗakin baya."

"Me za ka yi a ɗakin baya yau?"

"Ba su ci ba."

"Su wa?"

Ya miƙa hannu. Ta kwance ta ba shi, ta bar tukunya, ta bi shi a baya. Ta tsagar ƙofa ta gan shi a kan kujerar ɗinkin matarsa, hannu cikin keji har gwiwar hannu. Ya manta bai rufa baƙin ƙyallen ba, don haka ta ga fatar ta yi baƙi da sauro, cikkunansu suna cika suna ja. Idonsa na kan bango. Haka ya zauna, kamar yadda uban ya koya masa, har suka ƙoshi.

Da ya fito ta tare shi.

"Ƙanina, yau aka binne matarka."

"Na sani, Yaya. Da ni aka je."

"Kuma ka shigo kana ba ƙwari jininka."

"In ba su sha ba, ba za su yi ƙwai ba. In ba su yi ƙwai ba, shi ke nan, sun ƙare."

"To su ƙare mana! Wa zai yi musu zaman makoki?"

"Ki dai bar ɗakin a rufe. Kada kowa ya shiga da turare. Kuma abin nan na jakarki, kada ya fito a gidan nan."

Ta karɓi makullin ta mayar bakin zaninta.

Yaya ta ja Nas gefe, bayan randa. "Ke da kika yi karatun asibiti, kina kallon ubanki haka?"

"Gwaggo, aikinsa ne. Tun kafin a haife ni yake yi."

"Tun kafin a haife ki yake ciwo, ba wanda ya kula. Uwarki ta yi ta rufa masa asiri har abin ya ci ta. Mace ta kwana da sauro dubu a bayan ɗakinta, a ce mini hawan jini?"

"Wallahi hawan jini ne, Gwaggo. Ni na auna ta."

"Kin auna ta. To ga ta can."

Nas ba ta da ƙarfin gardama. Ta ce za ta karɓi makullin in an jima, sai wasu mata suka shigo da kuka, ta tafi tarbarsu, maganar ta bi ruwa.

Washegari Farfesan Kaska ya zo gaisuwa, da kwalbarsa a aljihu. Bayan addu'a ya matso ya rage murya.

"An kusa daidaita maganar yajin. Ƙarshen makon nan za a buɗe. Ya mutanen?"

"Sun yi ƙwai da safe," in ji Dakta. "Da yawa."

"Madalla. Ka riƙe su kwana kaɗan, mu mayar da su gida."

Mai aski, wanda yake zaune kusa, ya ji ana tambayar lafiyar mutane ana amsawa da ƙwai. Ya kalli na gefensa, na gefensa ya kalli ƙasa.

A daidai lokacin, a cikin gida, matan da suka kwana suna nuna wa Yaya hannuwansu. Sauron kwatar layi ya yi musu kaca-kaca, domin gida ne da ba a taɓa fesa shi ba, ragar kuma ba ta isa kowa ba. Wata ta ce ai dole, tunda kiwonsu ake yi. Yaya ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ɗauko gwangwaninta, sabo fil, ta fesa ɗakunan kwana, ta fesa bayan ƙofofi da ƙarƙashin gado. Sannan ta buɗe ɗakin baya. Ta yi aikin da kyau, kamar yadda take yin komai. Ta bi keji ɗaya bayan ɗaya, ta bi farantan ruwa, ta bi jiƙaƙƙun takardun, har tawul ɗin da ke rataye. Ta ja ƙofa ta kulle don maganin ya kama.

Da yamma Dakta ya duba agogo ya miƙe. Tun daga zaure ya ji warin. Bai yi sauri ba. Yaya tana jiransa a tsakar gida da makullin a tafin hannu, ta tsaya irin tsayuwar wanda ya shirya a yi masa faɗa.

"Ni na yi," in ji ta. "Ni na goya ka, ba zan zuba ido su shanye ka ba. In za ka zage ni, bismilla."

Ya karɓi makullin ya buɗe. Ƙasan kowane keji ya yi baƙi, kamar an zuba garin shayi. Tsutsotsin sun taso saman ruwa sun miƙe. Ya ɗaga takardar ƙwan, ya kai ta hanci, ya ajiye. Ya bi kejin yana ƙwanƙwasa gefensu da yatsa, ko wani zai tashi. Sun yi abin da aka san su da shi, ba ko ɗaya da ya saɓa.

Nas ta shigo a guje ta tsaya a bakin ƙofa. "Baba..."

"Maganin mai kyau ne," in ji shi. "Ba jabu ba ne. Ki gaya wa gwaggonki ta riƙa sayen irinsa."

Ya tambaya ina tsintsiya. Ya share kejin, ya tara abin a takarda guda, bai cika tafin hannu biyu ba. Ya zubar da ruwan farantan a kwata, ya wanke su, ya kife. Ya sauke tawul ɗin da Mai Keke ta rataya, ya ninke su, ya rasa inda take ajiyewa, ya ɗora a kan keken. Sannan ya wanke hannu ya koma ƙofar gida, domin akwai masu gaisuwa da ba a sallama ba.

Matan da suka sake kwana a gidan sun tashi da sabon cizo. Sauron kwata ya sha feshin Yaya, ya yi ɗan jiri, ya koma bakin aiki.

An janye yajin kamar yadda Farfesa ya faɗa. Dakta ya koma ɗakinsa mai ɗumi, ya tarar ba abin da zai ɗumama. Shugaban cibiyar ya yi masa ta'aziyya biyu a zama ɗaya, ya ce za a nemo wani irin daga waje, za a rubuta. Dakta ya ce to. Ya san kayan gyaran na'ura har yau suna hanya, ya san can sauron ma za su je su same su. Dajin da malaminsa ya kamo na farko kuwa gonaki ne yanzu, ana fesa su duk damina. Da ma lokacin ritayarsa ya kusa, sai ya ajiye aiki ba tare da an roƙe shi ya tsaya ba.

Yaya ba ta koma gidanta ba, ta ce sai ta ga ya miƙe. Kejin sun yi mata amfani. Ɗaya tana rufe abinci da shi saboda ƙuda, ɗaya ta zuba albasa, ta ce ba ta taɓa ganin raga mai kyan ɗinki irin wannan ba. Ta sayo masa sabulu mai ƙamshi, ya yi wanka da shi. Ta sayo turare, ya shafa. Tabon da ke hannunsa, wanda ya yi shekaru kamar bayan kada, ya fara bajewa. Ya ɗan yi ƙiba. Nas takan zo ta auna shi, komai daidai. Ta taɓa tambayarsa ko yana jin haushin Gwaggo, ya yi tunani sosai kafin ya ce bai ji ba tukuna, in ya ji zai gaya mata.

Yanzu da yamma a benci yake zama, gaban shagon mai aski, tare da sauran dattawan layi. Ba ya duba agogo. In an yi maganar ƙwallo ya saurara, in an yi ta tsadar kaya ya ce haka ne. Layi ya yarda cewa rasuwar matarsa da tsayuwar yayarsa sun dawo da shi hayyacinsa, kuma ana ba da labarinsa ga iyayen da 'ya'yansu suka cika karatu, don su san abin yana da magani.

Ran nan ana zaune sauro ya sauka a hannunsa, irin na kwata, ƙato. Hannun ya tsaya cak da kansa. Numfashinsa ya yi ƙasa. Ya zuba wa sauron ido yana neman wuri, ya samu, ya kafa baki, cikinsa ya fara ja. Hira ta tsaya, kowa yana kallo.

"Dakta," in ji mai aski a hankali, almakashi a sama, "cizonka fa yake yi."

"Na gani."

"To kashe shi mana."

Dakta ya ɗan jima. Sannan ya ɗaga ɗaya hannun ya kai masa mari. Ya duba ɗigon jinin da ya rage a fatar, ya goge da gefen riga.

Mai aski ya juya ga wanda yake yi wa aski, ya kama masa kai ya daidaita.

"Ka gani ko? Na gaya muku ya warke."